Jiran Babban Baƙo a Walimar Zari-Ruga

Wata rana aka gayyace ni cin abincin rana na tara gudummawa a Sabon Garin Zariya. Don yaran unguwarmu masu buga zari-ruga aka shirya shi, ƙwallon nan mai siffar gwanda da ake runguma a ruga da ita.

Ni dai na gaji da irin wannan taro tun kafin in je. Amma kocin yaran, Malam Mamuda, maƙwabcina ne, kuma na ga wahalar da ya sha.

Gida-gida ya bi yana roƙon iyaye. Wasu suka ce wannan ai kokawa ce, za a karya musu yara. Da ƙyar suka yarda, da sharaɗi guda: komai daɗin wasa, yaro ya dawo gida kafin la'asar, kada ya rasa Islamiyya.

Mamuda ya yi alkawari, kuma har zuwa ranar taron bai taɓa saɓawa ba.

Riguna da takalma ne suka gagare shi. Shi ya sa aka kira taron.

Tun azahar aka sauke shinkafa. Amma kun san halinmu, ba a buɗe kular abinci sai babban baƙo ya iso.

Aka jera yara a bakin ƙofa don su tare shi, su kuma ɗan taɓa wasa a gabansa. Masu shirya taron suka yi ta ce mana:

"Yana hanya."

"Ya kusa."

"Ya tsaya wani ɗaurin aure."

Miya ta huce. Yara suka fara hamma. Mamuda ya je ya raɗa wa shugaban kwamitin taron cewa a bar yaran su ci su tafi, lokaci na ƙurewa. Shugaba ya nuna masa ai yau ɗaya ce, kuma babu mai sa hannu a aljihu bai ga yara a fili ba.

Mamuda ya kalli ƙafafun yaran, wasu da silifas. Ya koma ya zauna.

Aka kira la'asar. Aka yi salla. Muna nan zaune.

Can sai ga wani dattijo a kan keke. Bai kalli rumfa ba, bai kalli abinci ba. Ya kama hannun ɗansa.

Mamuda ya bi shi da sauri ya durƙusa. "Baba, a yi haƙuri. Babban baƙo ne ya makara."

Dattijon ya ce, "Babban baƙo bai yi mini alkawari ba, Malam. Kai ka yi."

Ya ɗora ɗansa a bayan keke, suka tafi. Kafin mako ya zagayo, gidaje da yawa sun janye 'ya'yansu.

Gaskiya a faɗe ta, babban baƙo ya zo daga baya, ya yi alkawarin kayan wasa, kuma ya cika maganarsa. Riguna sun iso, da takalma masu kyau.

Suna nan a ɗakin Mamuda, yawancinsu ko leda ba a cire ba. Duk Asabar da safe ina ganinsa ya nufi fili da ƙwallo a hammata. Yaran da suka rage ba su isa a raba su gida biyu ba.

Wallahi abin yana ci mini rai, don na san ba mugunta ya yi ba.

Darasi: Kada ka karya alkawarin da ka yi wa wanda ya ba ka amana don jiran wanda zai ba ka kyauta. Garin neman gira ake rasa ido.

Tura wa duk wanda ka san yana shirya taro, ko za mu fara cin abinci da zafinsa.