Fankar Motarka, Felix

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, ina ƙarƙashin wata mota a garejina da ke Samaru, matata Saratu ta zo ta tsaya a kaina ta ce ka cika a asibitin Shika. Kai, Felix Obi, bakaniken Sabon Gari. Na daɗe a kwance a wurin ban fito ba, don ban san da wace fuska zan fito ba.

Kowa ya san ni Julius ina kishinka, kuma ba zan ɓoye shi yau don ka mutu ba. Tare muka koyi aiki a hannun maigida ɗaya, tare aka yaye mu, amma sunanka ne ya cika Zariya. Abu guda na nema a wurinka duk tsawon shekarun nan: ka buɗe baki ka ce na iya aiki. Ba ka taɓa faɗa ba.

Ka tuna motar Malama Elizabeth, malamar firamare ta Palladan? Ni ke gyara mata tun da ta saye ta. Sai motar ta fara zafi, da ta shiga cunkoson Kwangila sai ruwa ya tafasa. Na wanke lagireto, na sake wankewa, ƙarshe na sa mata sabo, duk a banza. Ta ɗauka ta kai maka. Tambaya ɗaya ka yi mata, ko motar tana zafi idan ta miƙe hanyar Shika da gudu. Ta ce a'a. Ka ce to, a guje iska ce ke sanyaya injin, a cunkoso kuwa sai fanka, don haka fankar ce ba ta tashi. Ka gyara, sannan ka ce ta ci gaba da zuwa wurina, wai dama lagireton ya isa canji. Ka rufa mini asiri, ni kuwa na kwana biyu abinci ba ya shiga.

Haka kake, alherinka ma ciwo yake mini. Lokacin da na karye a hannu, kullum sai ka rufe garejinka da yamma ka hau acaba ka zo ka ƙarasa mini ayyuka, ba ka karɓi komai ba. Da na warke, mutanena suka dawo, amma kowa da "Oga Felix ya ce" a bakinsa. Har Saratu, in mun yi saɓani, sai ta ce in dubi haƙurin Felix. A cikin gidana fa!

Rigimarmu ta kullum a kan fanka ce. Mu nan, in ta ƙi tashi, sai mu ja mata waya kai tsaye daga batir ta yi ta juyawa, kowa ya huta. Kai kuwa ka ce wannan aikin ragwaye ne, sai ka bi waya ɗaya bayan ɗaya ka gano inda wuta ta yanke. Kana faɗa kana dariya, kuma na san da ni kake.

To, ga abin da ya faru ranar jana'izarka, tunda ba ka gani ba. Ka san al'adarmu ta makanikai: sai an bi da gawar ɗan'uwa ta ƙofar garejinsa, mota tana rarrafe, jama'a suna biye a ƙasa, kafin a wuce coci. Matarka, Maman Somto, ta ce a tsohuwar motarka za a ɗauke ka. Babu wanda ya tuna cewa motar ta yi watanni a ajiye tun da ka kwanta. Ga zafin Maris, ga tafiya a hankali. Ba mu kai kasuwa ba sai tururi ya turnuƙe daga gaba, mota ta tsaya da akwatinka a tsakiyar titi.

Makanikai sun fi a ƙirga a wurin, kowa da shawararsa. Wani zai buɗe murfin lagireto yana tafasa, na buge masa hannu. Ƙaninka ya ce a sauke akwatin a sa a wata a-kori-kura da ta kawo doya. Maman Somto ta ce mijinta ba zai shiga motar doya ba, ta juyo ta dube ni.

Na leƙa. Fanka shiru, da alama ɓera ya cinye wayarta can ciki inda hannu ba ya kaiwa. Babu lokacin bin waya irin naka, Felix, fasto yana jira. Na ja waya daga batir na haɗa kai tsaye. Fanka ta ɗauka, muka bari injin ya huce, muka ƙara ruwa, muka kai ka coci lafiya. Aikin ragwayen ne ya kai ka.

Ka san me jama'a suka ce? Wai motar ta san mai ita, wai Felix ko a mace mota ba ta kunyata shi. Ina tsaye da baƙin mai a farar rigata, babu wanda ya ambaci sunana. Raina ya ɓaci ƙwarai, a gaban gawarka.

Sai bayan an rufe ka Maman Somto ta same ni a bakin makabarta. Ta ce, "Baban Rhoda, tun yana asibiti ya ce in motar nan ta ba da matsala, kada in bari kowa ya taɓa ta sai kai. Ya ce duk Zariya hannunka kawai ya yarda da shi."

Haba Felix. Daga Sabon Gari zuwa Samaru nisan me ne? Ka faɗa wa matarka, ni da nake jira ba ka faɗa mini ba, kuma yanzu babu inda zan same ka in amsa.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya ba ka hutawa a wurinsa. Maman Somto, ke da yaranki Somto da Nonye, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Motar tana garejina. Zan cire wayar da na ja, in bi wayoyin ciki ɗaya bayan ɗaya har in gano inda wuta ta yanke, sannan in mayar wa iyalinka da motar.