Baƙar Ledar Tagata

Shekarar da ɗana ya gina mini ɗakin bulo a Kibiya, ya sa mini tagar gilashi mai kallon hanyar kasuwa. In rana ta karkata sai ɗakin ya koma tanda, haske yana kashe ido, atamfofina na kan igiya duk suka koɗe ta gefe guda. Sai ya kawo baƙar leda irin ta gilashin mota, aka manna. Zafi ya ragu, ba zan yi ƙarya ba. Amma abin da ya fi yi mini daɗi, ina ganin kowa, ba mai ganina.

Akwai wata Bafulatana daga Durba, tsarata, ta fi shekara ashirin tana kawo mini nono ranar kasuwa. Tun da aka sa tagar, ba ta bin zaure, ta nan take leƙowa.

"Kaɗo, har yau kina gadin hanya?"

"Sauke ƙwaryar in ga ruwan da kika tsuga."

Haka muke gaisawa.

Kasuwar farko bayan an manna ledar, ta tsaya, ba ta ga komai ba sai fuskarta. Ta gyara ɗankwali, ta jira. Ina zaune, tsakaninmu bai kai kamu biyu ba. Na yi shiru. Wai so nake in gani, in don ni take zuwa, ai za ta zagayo ta zaure. Ta wuce.

Kasuwa ta biyu ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. "Kaɗo?" Na ci gaba da jan carbina. A ta uku ta kanga hannuwa a gilashin, ta daɗe, sannan ta ɗauki ƙwaryarta. Daga ranar, ta ɗaya gefen hanya take bi.

Na ce fushinta ne, za ta huce. Sai da damina ta wuce na aiki surukata rugarsu da goro. Ta dawo da goron a ƙulle yadda na ba ta.

"Inna, ta ce in gaya miki, ranar da ta kanga hannu ta gan ki. Kina kallonta."

Ya kamata in ɗauki mayafina in tafi da ƙafata a ranar. Na ce sai wani satin. Kafin satin suka tashi da shanunsu, suka yi kudu, kuma duk wanda na tambaya bai san inda suka sauka ba.