Kawu da Ruwan Layinsu

Da rani Kawu ya sayi filin. Ƙasa a bushe, shimfiɗe kamar faranti, ga shi a ƙarshen layi inda babu hayaniya. Sai da ya yi rufi ya tare da iyalinsa, damina ta sauka, sannan ya gane layin gaba ɗaya gangarowa yake zuwa ƙofarsa. Ruwan kowane gida, in ya fito, wurin Kawu yake zuwa gaisuwa.

Ƙanin mahaifiyata ne, siriri mai ƙaramar murya, kuma gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Hannunsa ya saba da ƙananan notuna da ɗigon mai, bai san shebur ba. Amma a damina ta biyu fenti ya fara kumbura a gindin bango, danshi ya hau har gwiwa, kayan cikin akwatin matarsa suka yi fumfuna. Ya kira wani tsohon magini. Mutumin ya zagaya gidan, ya tsuguna, ya tura yatsa cikin ƙasa.

"Gininka ba shi da laifi," in ji shi. "Ruwa ne ke kwana a gindinsa. Ka yi ciko, ka ba ƙasar gangara daga bango zuwa waje, ka haƙa masa hanya ya wuce. In ya samu wurin zama, sai ya cinye tushen."

Kawu ya sa aka juye masa jar ƙasa. Da baro ya yi ta kwasa, yana zubawa a gindin bango yana daɓewa da guntun katako. Ya ɗaura wa kowane indararo bututu don ruwan rufi ya zuba nesa da gini. Ya haƙa lambatu ta gefen katanga har zuwa babbar kwata a bayan gida. Bango ya bushe, aka sake fenti, muka ce an rabu da wahala.

Sai aka zo aka yi wa layin titi, aka ɗaga shi sama. Maƙwabta suka ga ruwa na neman shigo musu, kowa ya cike ƙofar gidansa. Ba wanda ya yi da mugunta, kowa ta kansa yake. Amma ruwa ba ya hawa tudu, Kawu ya sake zama a ƙasan kowa. Yanzu kuma ba ruwa kaɗai ke zuwa ba, har da ledoji da robobi da yashi da takalmi wari ɗaya, duk su toshe bakin lambatun.

Ya bi gida gida yana roƙo a haɗu a yashe lambatun, amsar kowa ɗaya ce.

"Ba komai, Malam, ranar Asabar in Allah ya kai mu."

Asabar ta zo, shi kaɗai ne da shebur ɗinsa.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. In hadari ya haɗu kowa na gudu ya shiga ɗaki, shi kuwa lokacin yake rufe shago ya fito. Yaran layi suka sa masa Baba Shebur, har ya fara amsawa. Ranar auren babban ɗansa ma, ana tsakiyar cin abinci sama ta yi baƙi, ya sulale ya tuɓe sabbin kaya. Baƙi na neman uban ango, yana can bayan gida cikin taɓo har ƙauri.

Matarsa ta taɓa ce masa, "Malam, wai mu ne a cikin gidan nan, ko shi ne a kanmu?"

"To ya zan yi? In na bar shi bana, baɗi a ina za ki ajiye gadonki?"

Ta tashi ta ɗora masa ruwan zafi.

Bayansa ne ya fara sarewa. Daga baya yatsunsa suka ƙage, ƙaramin noti ya riƙa kuɓuce masa, teloli suka koma wurin wani. Ya rufe shagon ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Autarsa, wadda ke aikin jinya, ita da mijinta suka kawo ma'aikata. Suka tone kewayen tushen, suka shimfiɗa bututu mai huji suka rufe da tsakuwa, suka zuba siminti mai gangara a gindin bango, suka gina lambatu mai faɗi da ragar ƙarfe a bakinsa. Mako bai cika ba suka kwashe kayansu.

Na je yi masa murna, na same shi a kujera yana kallon aikin.

"Kawu, ka huta ke nan."

Ya dubi sabon lambatun. Sannan ya ce, "Ashe abin na 'yan kwanaki ne."

Babu daɗi a muryarsa, babu fushi kuma.

Matarsa ta ba ni labarin ruwan farko da aka yi bayan nan. Da rana ne. Ya ji iska, ya miƙe da ƙyar ya dafa bango har bakin ƙofa. Ya tsaya yana kallon ruwa na wucewa ta gefen gida, ruwan ko waiwayen bango ba ya yi. Daga nan ya koma ɗaki ya kwanta. Abinci ya huce, ta leƙa sau biyu, ta ga barci yake mai nauyi, ta ja masa ƙofa.