Filtar da Kawu Ya Fasa

Jiya warin baƙin mai ya buge ni a tashar Magariya, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Bakanike ne, ba ya ɗaura filtar mai sai ya sansana ta. A shekarun saba'in ina tuƙa motar haya zuwa Dungas, maigidana mai motar ya kawo wa Kawu wata filta mai ƙyalli ya ɗaura. Kawu ya ji warin fetur. Ashe tsohuwa ce aka wanke da fetur, aka yi wa fenti. Ya sa guduma ya fasa ta.

"Ka san ko ni wane ne?" in ji maigida.

"Na sani, Alhaji. Inji ne bai sani ba, a daji zai ƙone da mutane."

Mutane suka ce taurin kai gare shi. Allah Ya jiƙan mai taurin kai, Ya ƙaro mana irinsa.