Yadda Na Zama Ambasadan Somaliland

"Wannan ba tutarmu ba ce!"

Haka wani dattijo ya daka mini tsawa jiya a teburina na bakin titin Canal Street, inda nake saida ƙananan tutoci da taswira. Ta Somaliland ya nema, na miƙa masa ta Somaliya.

Ya ce, "Mun ɓalle tuntuni. Muna da shugabanmu, muna zaɓenmu."

Na buɗe taswira na ce, "To Baba, ga duniya, nuna mini ku."

Ya duba, babu. Sai ya zaro biro ya raba Somaliya biyu, a sabuwar taswirata!

Na ce, "Baba, ka ɓata mini kaya!"

Ya ce, "Gyara maka na yi."

Tunda ba mai saye, na liƙa ta jikin tebur. Yau ya dawo da mutum shida suna ta hoto, ɗaya har da hawaye. Wai teburina ne ƙasar farko da ta amince da su. Yanzu Ambasada suke kirana.

Kullum ina ƙorafi kan ƙasata Nijar, amma ban taɓa nemanta a taswira na rasa ba.

Jama'a, in cire taswirar, ko in fara neman mota mai tuta?