Ranar da na ƙunshe daddawa da karatun Hassi

Shekara tara ke nan da rasuwar ɗiyata Hassi. Ba ita ce ta fari ba, shi ya sa nake iya faɗin sunanta.

Da ruwan dam ɗin Bakolori ya ci gonakinmu a ƙasar Maradun, anka maishe mu kan tsandauri. Maza sunka yi gayya, sunka kafa rumfar zana, wai makaranta. Yara na zaune bisa duwatsu, rabinsu ko koko ba su sha ba. Ni ban yi boko ba, ban kuma yarda da shi ba, don haka na sa musu ido. Ban taɓa kama Hassi da fashi ba, ko ranar da munka kwana ba tuwo.

Daddawa nake saidawa lokacin. Ana saura kwana kaɗan jarrabawar fita firamare, ganyen ƙunshi ya ƙare mini, sai na jawo littafinta. A ganina na yi hankali: na bar fararen shafuka, na yage waɗanda anka cika da rubutu, tunda an gama da su.

Da ta buɗe littafin ba ta yi kuka ba.

"Inna, wa da wa sunka sayi daddawa yau?"

"Ke alƙali ce?" in ji ni.

"Inna, karatun shekara guda ne."

Na lissafa mata. Ta bi gida-gida tana karɓo takardun har la'asar. Wata ta riga ta hura wuta da tata takardar. Abin da ya salwanta, 'yan ajinsu sunka karanto mata ta sake rubutawa, suna toshe hanci suna cewa, "Hassi, saura kuka da gishiri!" Ta ci jarrabawar, anka kai ta makarantar gaba a Mafara. Ƙarshe malama ta zama, kuma a makarantun ƙauye ta ƙare aikinta.

Yanzu ina ganin yaran da 'yan bindiga sunka koro daga wajen Gidan Goga suna wucewa da safe, ba takalmi, littafi cikin leda. Da tana raye ba za ta tsaya jin tausayinsu ba. Tambayarsu za ta yi inda sunka tsaya a karatu.

Da ta rasu, ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba. Mutane ta bari, masu furfura ma, da ke durƙusa mini don ta koya musu. Abu guda ya tsaya mini a rai: ban taɓa ba ta haƙuri ba, don uwa ba ta yi a zamaninmu. Shi ya sa na sa anka rubuta wannan. Hassi, ki yafe mini. Allah Ya jiƙan ki.