Jinyar da Na Yi a Cikin Kwalekwale

Ni tun tasowata ban san wata kwanciya ba sai rubda ciki. Gidanmu gidan masunta ne a wani ƙauye gabas da Hadejia, mazanmu a kan gora suke wuni, sun kifa ciki suna iyo suna bin kifi. Inna, mahaifiyata, takan ce a wurinsu na gado, har da harbin ƙafar. In na kwanta kaina na gabas, gari zai waye kaina na yamma.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama na yi haihuwar fari, mace, na dawo gida wanka. Ana gab da arba'in nonona na dama ya kumbura ya yi tauri. Aka yi shafe-shafe da turare-turare, abu sai gaba yake yi. Daga ƙarshe Baba ya kai ni asibiti a Hadejia, aka yi mini aiki aka ɗinke. Ranar sallama wata nas, doguwa mai faɗa, ta tsaya a kaina ta ce rigingine zan riƙa kwanciya, ƙirji a ɗage, ba juyi dama ba juyi hagu, har a cire zare. In na danne ɗinkin ya farke, gadon asibiti zan dawo. Inna da ta ji an ce ni ce zan kwana ba juyi, sai da ta toshe baki da mayafi, nas ta galla mata harara.

Ni kam ban ga abin dariya ba. Surukata ta riga ta aiko daga Malam Madori cewa nonon da wuƙa ta taɓa ba na shayarwa ba ne, na hagun ma ba ta yarda da shi ba tunda maƙwabta ne. Za ta zo ta duba da idonta, in ba ta gamsu ba ta tafi da yarinyar, akwai 'yarta mai goyo da za ta haɗa da nata. Ga shi 'yar fari ce, kunya ba ta bari in ɗauke ta a gaban mutane, balle in buɗe baki in ce a bar mini abata.

Aka fara tokare ni da matasan kai. Da safe aka tsinci ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a cikin kwandon kayan jaririya. Aka sa buhunan shinkafa dama da hagu, gari ya waye na haye ɗaya na rungume shi, bandejin ya ɗan yi ja. Goggo, yayar Baba, ta ce dama ita ba ta yarda da rigingine ba, kwanciya ce mai jawo dannau, amma tunda likita ya ce, ita za ta zauna gadina da muciya, ina motsawa ta zungure ni. Kafin in gama addu'ar barci Goggo ta yi nisa da minshari.

Baba mutum ne marar magana. Lokacin bazara ne, ruwa ya janye, sai ga shi da yamma shi da ƙannensa sun kinkimo ɗan kwalekwalen da yake shiga ƙananan fadamu da shi. Ɗaki ya ƙi cinsa, aka ajiye a ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Ya kwantar da turmi ya ɗora goshin jirgin a kai don ƙirjina ya ɗaga, ya tokare gefe da gefe da duwatsu, Inna ta shimfiɗa tabarma da tsummoki. Da aka zura ni ciki, kafaɗuna suka cika shi dam, hannuwana a miƙe a jikina. Juyi dai babu shi, fita ma sai mutum biyu sun ciro ni.

Dabara ta yi, ɗinki ya fara kamewa. Illarsa ɗaya, ƙarni. Duk wankin da aka yi masa da toka, magen unguwa sai ta zo ta leƙa ni ta koma da takaici, ƙuda kuwa ba a magana. Shi ya sa in zan yi barcin rana Inna take lulluɓe ni da farin zane tun daga kai har ƙafa.

Wata rana bayan azahar ina ciki a lulluɓe, ba riga saboda zafi, Inna ta leƙa maƙwabta, yarinyar na kan tabarma a gefena. Cikin barci na ji sallama, na ji an yar da ƙunshin kaya, sai salati. Muryar surukata ce. Ta shigo ta tarar da gida tsit, ga mutum a miƙe sambal cikin katako da farin ƙyalle.

Yanzu fa in ce me? Matar ɗa ba ta gaida surukarta a kwance, sai ta durƙusa. Ni kuwa ba riga, ba ɗankwali, ba halin tashi. Na ce bari in yi lamo har Inna ta dawo. Wautar ƙuruciya ke nan, ban kawo cewa shirun nan ya fi komai muni ba.

Salatin ya tashi yarinyar ta callara kuka. Na ji surukata ta ɗauke ta tana jijjigawa, tana cewa marainiyar Allah, ko ɗumin uwarki ba ki gama sani ba. Ta ce ita da ta zo raba mu, ashe an riga ta. Sai ta fashe da kuka, matar da ko a rasuwar mijinta an ce ba a ga hawayenta ba. Ni ma hawaye na gangara mini cikin kunne, ba hannun sharewa.

Bakina ya iya kunya, amma jikina bai iya ba. Kukan yarinyar ya sa nonon hagu ya kawo, ya jiƙa farin zanen, jiƙon yana faɗi. Kukan surukata ya tsaya cak. Can sai na ji an ɗage zanen a hankali, muka haɗa ido.

"Sannu da zuwa, Iya," na ce. "An zo lafiya?"

Ta zauna daɓas a ƙasa. Ta kalle ni, ta kalli jirgin, ta ce a duniya ba ta taɓa ganin dangin mahaukata irin masunta ba, kuma in na sake yi mata haka sai ta ci mutuncina. Tana faɗa tana share fuska da gefen mayafi. Ɗinkin da ta yi doguwar tafiya don ta duba, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta matso da gwiwa, ta ɗora mini yarinyar a hagu da hannunta, ta riƙe 'yan ƙafafun kada su harbi ciwon.

"Sha abinki," ta ce mata. "Ba inda za ki."